Ziyarar ɗaurarre a kurkukun gunduma a Amurka ba ganawar sirri ba ce

Mutane da yawa sun daɗe suna zaton cewa abin da ɗan'uwa ya faɗa wa ɗaurarre lokacin ziyara tsakaninsu ya tsaya, alhali ba haka ba ne. A yawancin kurkukun gunduma, waɗanda ofishin babban jami'in tsaron gunduma (sheriff) ke gudanarwa, ana ganawa ne ta bayan gilashi da wayar tarho a hannu, ko kuma ta bidiyo, kuma hukuma tana iya naɗar maganar. Haɗarin yana da girma domin akasarin mutanen da ke tsare a can ba a yanke musu hukunci ba tukuna, kuma mai gabatar da ƙara yana iya kai wannan naɗin gaban alƙali. Ganawa da lauya ce doka ta ba wa kariyar sirri.