Tablet ɗin Linux: tambayoyin da na gaji da amsawa

Tun da aka fara ganina da tablet ɗin nan kullum tambayoyi iri ɗaya ne, toh ga amsa a rubuce, dan Allah a karanta kafin a sake tare ni.

Android ce?

A'a. Ita ma Android a kan kernel ɗin Linux, wato ginshiƙin tsarin, aka gina ta, amma wannan Linux ce irin ta laftof, fuskar taɓawa kawai aka sa mata.

Akwai Play Store?

Babu.

Toh me kake yi da ita?

Burauzar Firefox, LibreOffice mai aiki irin na Word da Excel, karatun PDF, in taka tana karɓar biro ka sa Xournal++ ka yi rubutu da hannu. Shi kenan, kuma ni ya ishe ni.

Dole sai da kibod?

Eh. Yawancin manhajojin nan da linzami aka tsara su, maɓallan ƙanana ne, sai ka danna sau uku yatsa na zamewa. Ga kibod ɗin kan fuska, wani lokaci ka taɓa wajen rubutu ya ƙi fitowa, ka zauna kana kallonsa yana kallonka.

WhatsApp da manhajar banki fa?

Nan ne maganar take da tsawo. WhatsApp mai sauƙi ne, ka buɗe WhatsApp Web a burauza ka haɗa da wayarka, amma wayar ce uwa, in ta yi kwana 14 ba ka buɗe shi a cikinta ba zai fitar da kai. Sauran manhajojin Android kuwa akwai Waydroid, wato Android ce sukutum take gudu a cikin Linux ɗin, bisa LineageOS, wani nau'in Android, sai dai tana buƙatar Wayland, tsarin da ke nuna abubuwa a kan fuska, GNOME da KDE Plasma na yanzu, wato manyan fuskokin aiki na Linux, duk suna da shi amma ka duba naka tukuna, kuma tana cin RAM, in naka 4GB ne za ka ji a jikinka. Banki kuma, gaskiya ya danganta. Da yawansu suna tambayar Google ko na'urar nan tantacciya ce, Waydroid kuwa ba ta cika tsallake wannan gwajin ba, sai manhajar ta buɗe ta nuna tambari ta rufe kanta, wata ma ta yi aiki yau, bayan sabuntawa ta daina. Kamara ma ba lallai ta shiga ciki ba, in bankin na son hoton fuska kenan an tsaya. Shawarata ka gwada shafin bankin a burauza, in ya ƙi ka bar kuɗinka a waya, ba abin kunya ba ne wallahi, ni ma haka nake yi.

Zan lalata ta in na taɓa terminal, wajen rubuta umarni?

Kwantar da hankalinka, tsarin ne kawai zai rikice, a sake lodawa. Amma ku masu kwafo umarni mai sudo a gaba, kalmar da ke ba umarni cikakken iko a kan tsarin, ba ku san me yake yi ba, ku daina. Ka kwafe fayilolinka waje ɗaya tukuna.

Wacce zan saya?

PineTab2 ta kamfanin Pine64, ta 2023, guntun ARM gare ta RK3566, sanyin jiki gare ta, ta masu son kwance-kwance ce. StarLite da Librem 11 guntun Intel gare su, sun fi kusa da laftof ɗin da ka saba.

Batir fa?

In kana aiki ba laifi. Barcinta ne ba irin na waya ba, na taɓa rufe tawa da dare da caji fiye da rabi, da safe na tarar ta mutu murus a jaka tana da ɗumi. Yanzu kashe ta nake yi gaba ɗaya.