Caflin a filin tseren motoci: wane ne shi, mene ne aikinsa?

Duk wanda ya tashi a barikin soja a Najeriya ya saba jin ana cewa caflin. Limamin Kirista ne, fasto ko fada, da aka ɗora wa kula da mutanen wata ma'aikata maimakon mutanen wata unguwa. Rundunar sojan ƙasa tana da sashen caflin na Katolika da na Furotesta, ga kuma sashen harkokin addinin Musulunci mai kula da limaman bariki. Ana samun caflin a asibiti, a gidan yari, a jami'a. Faston ikilisiya yana da cocinsa, jama'a ne suke zuwa su same shi ran Lahadi. Shi kuwa caflin, shi yake ɗaukar Littafi Mai Tsarki ya bi jama'a har inda aiki ya tsare su.

Asalin sunan daga Faransa yake. A ƙarni na 4 an yi wani sojan Rum mai suna Martin, wanda daga baya ya zama bishop na birnin Tours. Ana ba da labarin cewa ya raba alkyabbarsa biyu da takobi, ya ba wani mabaraci da sanyi ya addaba rabi. Sarakunan ƙasar sun riƙa fita yaƙi da abin da ya rage na alkyabbar, kuma limaman da ke tsaronta a sansani aka sa wa sunan da yau ya zama caflin. Tun farko ke nan aikin na bin mutane ne zuwa wurin da ake iya mutuwa.

Wurin da mutanenmu ba su cika tsammanin jin wannan kalma ba shi ne filin tseren motoci da babura. Amma a Amurka aiki ne kafaffe, mai ƙungiyoyi da ma'aikata, kuma dalilinsa ranar Lahadi ce. Babbar gasar tseren motoci ta NASCAR, wadda aka kafa hukumarta a 1948, tana da tsere 36 na neman maki a shekara, daga Fabrairu zuwa Nuwamba, kuma yawancinsu ran Lahadi ake yi. Direba, da matarsa da 'ya'yansa, da makanikai, da masu canza taya, da direbobin tirelolin da ke jigilar motocin daga jiha zuwa jiha, duk suna kan hanya kusan wata goma. Da yawansu 'yan kudancin Amurka ne, inda zuwa coci ya shiga jinin mutane. Mutum ya tashi a gidan da ba a fashin sujada, sai sana'arsa ta raba shi da cocinsa kusan duk shekara. Wa zai ɗaura masa aure? Wa zai yi wa ɗansa baftisma? In aurensa ya fara tangal-tangal saboda yawan tafiya, wa zai kai wa kuka?

Wannan giɓi ne ya haifar da ƙungiyar Motor Racing Outreach a 1988. Wani fasto mai suna Max Helton ya kafa ta tare da direbobi uku da matansu: Darrell Waltrip, Lake Speed da Bobby Hillin. Tana da mazauni a jihar Karolina ta Arewa, inda yawancin kamfanonin tseren suke. Kafin ita akwai Racers For Christ, wadda ta fara a 1971, kuma an fi saninta a tseren nan na gajeren zango da motoci biyu ke fizga a miƙe cikin 'yan daƙiƙoƙi. Gasar IndyCar, wata babbar gasar tseren motoci ta Amurka, ita ma tana da nata masu hidima, fastoci da limaman Katolika tare.

Ita sujadar ba ta da wani ado. A al'adar NASCAR, da safiyar tsere akan tara direbobi da shugabannin makanikai a karanta musu dokokin ranar. Da an gama, wanda yake so ya tafi sai ya tafi, wanda yake so ya zauna sai ya zauna, a nan take wurin ya zama majami'a. Wani lokaci ɗaki ne, wani lokaci tanti, wani lokaci gareji mai warin fetur da taya. Waƙar yabo ɗaya ko biyu, karatu daga Littafi Mai Tsarki, gajeren wa'azi, addu'a, a tashi, domin agogon masu talabijin ba ya jiran kowa. Ba a tambayar mutum ɗarikarsa. Ɗan Baptis da ɗan Methodis da wanda rabonsa da coci tun yana yaro suna zaune kujera ɗaya. Daga baya, sa'ad da aka jera motoci a bakin layi, caflin yakan bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya da direba da iyalinsa su yi addu'a kafin a sa hular kwano. Ƙungiyar Motor Racing Outreach tana kuma da wurin kula da yara a inda iyalan direbobi ke ajiye motocin kwanansu, ana koya musu labaran Littafi Mai Tsarki. 'Yan kallo da ke kafa tantuna a kewayen fili suna kwana biyu ko uku su ma ba a bar su ba, cocin garin da ke kusa sukan aiko masu sa kai su yi musu sujada a fili, su raba ruwan sha.

Abin da mai kallo a talabijin ya fi gani shi ne addu'ar buɗe taro ta lasifika, kafin taken ƙasa. A tseren Indianapolis 500, wanda aka fara a 1911 kuma yake tara mutane wajen dubu 300, an shigar da wannan addu'a cikin tsari ne a 1974, shekarar da aka mai da tseren ran Lahadi. Sau da yawa babban bishop na Katolika na birnin ne yake yin ta, kuma mai wa'azi Billy Graham ya yi a 1999. A ganina wannan addu'ar ita ce mafi ƙanƙanta a cikin aikin, kuma ita ce ta fi saurin gurɓata. A 2011, a wani tsere kusa da Nashville, faston da aka ba lasifika ya jero sunayen kamfanonin motoci da na mai da na taya yana gode wa Allah, jama'a suna dariya, bidiyon ya zagaya intanet. Wasu Kiristoci sun ji daɗi, wasu ransu ya ɓaci, kuma ina tare da na biyun. Addu'ar da ake yi wa mutanen da za su shiga mota mai gudun kilomita 300 a awa ba wurin talla ba ce. Akwai kuma masu cewa taron da ya haɗa mabiya addinai dabam-dabam da marasa addini bai kamata a buɗe shi da addu'ar addini ɗaya ba, kuma maganarsu abin saurare ce.

Nauyin aikin yana bayyana ne ranar da mota ta daki bango. Caflin yana cikin waɗanda ke fara isa asibitin cikin fili. Shi yake tsayawa da matar direba yayin da likitoci ke ciki, shi yake bin motar ɗaukar marasa lafiya, wani lokaci shi yake zama da makaniken da ya ɗaure ƙusoshin motar yana ta tambayar kansa ko laifinsa ne. Ran 18 ga Fabrairu 2001, Dale Earnhardt, wanda ya ci kambun NASCAR sau 7, ya mutu a zagayen ƙarshe na tseren Daytona 500. Stevie Waltrip, matar Darrell, ta saba rubuta masa aya a takarda kafin tsere, ya manna a cikin motarsa. Ta wannan ranar daga Karin Magana 18:10 take, ayar da ke kwatanta sunan Ubangiji da ƙaƙƙarfar hasumiya inda adali ke gudu ya sami mafaka. Wanda ya ci tseren kuwa Michael Waltrip ne, ƙanen Darrell, a motar kamfanin shi mamacin. Murna da makoki suka haɗu a gida ɗaya cikin awa ɗaya. Caflin na ƙungiyar Motor Racing Outreach, Dale Beaver, shi ya yi wa'azi a sujadar tunawa da shi a birnin Charlotte, kuma mako guda bayan haka duk mutanen nan suna wani filin, za su sake tayar da injin. Wanda zai yi magana da su a irin wannan safiya dole ya zama wanda suka saba gani a gareji tun kafin masifa, wanda ya san sunan 'ya'yansu. Shi ya sa ake tunawa da Fada Glenn O'Connor na Indianapolis, wanda ya rasu a 2019: yakan yi wa mutane Mas, wato sujadar Katolika, ya kuma shiga cikin makanikai ya kama musu aiki.

Ya kamata a faɗi wani abu a fili. Tun mutuwar Earnhardt ba a sake rasa direba a hatsarin tsere a babbar gasar NASCAR ba, kuma hakan ya biyo bayan gyaran da aka yi ne: a ƙarshen 2001 aka wajabta na'urar da ke riƙe kai da wuya, sannan aka bi filaye ana sa wa bangaye wani shinge mai shanye ƙarfin karo, wanda aka fara kafawa a Indianapolis a 2002. Caflin na kirki ba ya sayar wa direba addu'a a matsayin laya. Ayar tana manne a motar Earnhardt ranar da ya mutu. Abin da caflin ke bayarwa shi ne kada mutum ya fuskanci tsoro ko rashi shi kaɗai, kuma ga mai bi, a tuna masa da begen da yake da shi cikin Almasihu ko ya dawo ko bai dawo ba.

A Turai abin bai kai haka fitowa fili ba. Gasar Formula 1 ba ta buɗe tsere da addu'a, ko da yake a Modena ta Italiya, yankin da Ferrari ya fito, an daɗe ana kiran wani fada, marigayi Sergio Mantovani, limamin direbobi. Inda aka fi jin buƙatar caflin shi ne tseren babura a kan titunan gari, a Ireland ta Arewa da tsibirin Man. A tsibirin, inda ake tsere tun 1907, sama da mahaya 260 sun mutu a kan hanyar dutsen mai tsawon kilomita 60. Yawancin mahayan nan ba attajirai ba ne, masu sana'a ne da ke zuwa da 'yan'uwansu a matsayin makanikai. Haka yake a ƙananan filaye marasa kwalta na karkarar Amurka, inda ake tsere daren Asabar: caflin ɗin wurin galibi mai sa kai ne da ba a biyansa, yana da aikinsa na yau da kullum, kuma shi ake kira idan aka ɗauki wani zuwa asibiti da tsakar dare.