Yadda ake tsara rimot ɗin hannu na injin CNC: tambayoyi da amsoshi

Ko kai kafinta ne a Sabon Gari da ya sayo ƙaramin injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, don sassaƙa ƙofofi, ko ɗalibin injiniya a Samaru ko a Nuhu Bamalli mai neman aikin kammala karatu, matsalar ɗaya ce: kwamfuta tana can gefe, bakin yanka yana nan, kai kuma kana son idonka a kan bakin lokacin da kake saita shi. Rimot ɗin hannu shi ke raba wannan gardama. Ga tambayoyin da masu son haɗa nasu suka fi yi.

Injiniya, me da me ya kamata a samu a jikinsa?

Abu biyar sun wadatar. Wilin hannu da ake juyawa don matsar da bakin, wanda a kasuwa ake rubuta shi MPG. Makunni mai juyawa na zaɓen layi, wato hanyar da bakin zai matsa: a kashe, X, Y, Z, da layi na huɗu in injin yana da shi. Wani makunnin na zaɓen girman taku, x1 da x10 da x100. Maɓallin riƙo a gefe, wanda in ba a danne yake ba wili ba ya aiki. Sai jan maɓallin tsayawar gaggawa. Sikirin da maɓallan ƙara gudu ko kunna sifindil, wato motar da ke juya bakin, duk ƙari ne, kuma kowane ƙarin maɓalli wata sabuwar dama ce ta danna abin da ba a yi niyya ba. Mu dai shawararmu, kada a sa maɓallin fara aiki a rimot na farko da mutum zai haɗa.

Daga ina ake fara zanen? Daga wili ko daga Arduino, ƙaramin allon da ke karanta wili da maɓallai?

Daga jan maɓallin. Kafin a yi tunanin yadda injin zai motsa, a fara warware yadda zai tsaya in waya ta tsinke, in kwamfuta ta daskare, ko in wuta ta ɗauke.

Maɓallin gaggawa ja ne mai kan lema, bayansa rawaya, kamar yadda ƙa'idar ISO 13850 ta tanada, kuma in an danna shi yana maƙalewa sai an murɗa ko an jawo shi. Haɗinsa na ciki kullum a rufe yake, irin wanda ake rubuta wa NC. Dalili: wutar 24V tana bi ta cikinsa zuwa rile, wato makunnin da wuta ce ke riƙe shi a kunne, a akwatin injin, muddin tana bi rile yana riƙe. An danna maɓalli, ko kebul ya tsinke, ko fulogi ya zare, sakamakon ɗaya ne, rile ya saki, injin ya tsaya. In ka yi amfani da haɗi mai buɗe, wato NO, waya za ta iya tsinkewa tun watan jiya ba ka sani ba sai ranar da ka danna bai amsa ba.

Waɗannan wayoyi ba sa shiga Arduino, ba sa bi ta USB. Kai tsaye suke zuwa rile. Ana iya ɗaukar wani haɗi dabam daga rile a sanar da manhaja cewa an tsaya, amma ba manhajar ce ke tsayar da injin ba. A babban inji a sa haɗin NC guda biyu a layi biyu dabam-dabam zuwa rile na tsaro, don in wayoyi biyu suka haɗe a cikin kebul da aka taka, layi na biyun yana nan.

A Zariya akwai ƙarin dalili. Wuta tana ɗaukewa ta dawo, ko a juya zuwa janareta ana tsakiyar aiki. Rile ya zama mai riƙe kansa ta nasa haɗin, da maɓallin sake kunnawa a jikin akwatin injin, ta yadda dawowar wuta ko sakin jan maɓalli ba za su tayar da komai ba sai mutum ya danna da hannunsa. A kuma duba abu biyu: in aka yanke wa VFD wuta, wato inbatar da ke juya sifindil, sifindil zai ci gaba da juyawa har ya gaji don kansa, kuma a injin da kansa ke da nauyi, layin Z zai iya zamewa ƙasa in motarsa ba ta da birki.

To mene ne amfanin maɓallin riƙo tunda akwai na gaggawa?

Rimot yakan faɗi, ko gwiwar hannu ta goge wili. Maɓallin riƙo yana hana wannan ya zama motsi. Na manyan injina mataki uku gare shi: a sake a kashe, a tsakiya a kunne, a matse sosai a kashe. Mutum in ya firgita ko dai ya saki ko ya ƙanƙame, duka biyun kuwa suna tsayar da motsi. A ƙaramin injin katako maɓalli mai mataki biyu zai yi.

Na juya wili ƙyas ɗaya, injin ya yi taku huɗu. Me ya jawo?

Wilin da aka saba yana da ƙyas 100 a zagaye ɗaya, kuma yana fitar da sigina biyu, A da B, ɗaya tana gaban ɗaya da digiri 90. Daga wadda ta riga ake gane ina aka juya. Kowane ƙyas yana da sauyi huɗu: A ta hau, B ta hau, A ta sauka, B ta sauka. Mai ƙirga da ke lissafa kowane sauyi zai ga 400 a zagaye. Ka raba da huɗu a lissafinka, ko in manhajar sarrafa inji ta LinuxCNC kake amfani da ita ka kashe x4-mode a enkoda, wato ɓangaren da ke ƙirga bugun wili. In kuma injin yana tafiya baya alhali ka juya gaba, musanya A da B kawai.

Wane girman taku zan sa?

A injinan masana'anta x1 shi ne milimita 0.001, x10 shi ne 0.01, x100 kuma 0.1. Kada ka kwafa ido rufe, fara lissafa abin da injinka zai iya. Mota mai taku 200 a zagaye, direban motar yana raba kowane taku kashi 8, sukurun tuƙi mai tafiyar milimita 5: taku 1600 ke nan a milimita 5, wato 320 a milimita ɗaya, kowane taku kusan 0.003. Ka ga 0.001 bai kai taku ɗaya ba, za ka yi ƙyas uku kafin motar ta motsa, ka ɗauka wili ya lalace. A irin wannan inji 0.01 da 0.05 da 0.1 sun fi dacewa. Mai saita Z da takarda ya tuna kaurin takardar firinta kusan 0.1 ne, don haka ƙyas ɗaya a babban taku ya isa ya nutsa baki cikin aiki. Yana da kyau a hana Z babban taku a cikin manhajar tun farko.

Na tsayar da hannuna amma injin ya ci gaba da tafiya. Wannan fa?

Wannan ita ce matsalar da ta fi karya baki, kuma a zanen take. Juya wili sau biyu a daƙiƙa a kan 0.1 yana nufin milimita 20 a daƙiƙa, wato 1200 a minti. In layin ba zai iya wannan gudun ba, ko yana ɗaukar lokaci kafin ya kai, bugun da suka rage suna taruwa kamar bashi, injin kuma sai ya biya su duka bayan ka tsaya.

Hanya biyu ce. A ƙaramin taku kana son kowane ƙyas ya cika daidai, don ba a gudu a nan. A babban taku kana son tsayawar hannu ta zama tsayawar inji, ko da an zubar da wasu bugun. LinuxCNC yana da jog-vel-mode don wannan. A Grbl 1.1, wata manhajar sarrafa inji, ana aika gajerun umarni masu farawa da $J=G91, kowanne na tafiyar ɗan lokaci kaɗan, kada a tara da yawa a layi, sannan da wili ya tsaya a aika alamar 0x85 wadda ke soke sauran tafiyar nan take.

Akwai ƙanwar wannan matsala: ka juya wili makunni yana kashe, ka koma X, injin ya zabura. Ƙirgan da ya taru ne. Duk lokacin da aka canza layi ko aka saki maɓallin riƙo, a share ƙirgan. A kuma jira kamar dubun-daƙiƙa 50 zuwa 100 (dubun-daƙiƙa ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa) bayan makunni ya zauna, don daga X zuwa Z sai an ratsa ta Y.

Ta yaya zan haɗa shi da injin: USB, waya kai tsaye, ko mara waya?

In allon sarrafa injinka yana da mashigar MPG, kai tsaye ya fi, babu wata ƙwaƙwalwa a tsakani da za ta daskare. Kuɗinsa yawan waya ne: biyu na wuta, huɗu na wili, huɗu na layi, uku na taku, ɗaya na gama-gari, biyu ko huɗu na gaggawa, sai fitila. Ka tanadi kebul mai waya 18 zuwa 20 da fulogin DB25.

In ta USB ne, Arduino Pro Micro mai ATmega32U4 ko Raspberry Pi Pico za su iya fitowa a kwamfuta a matsayin kibod. Sauƙi gare shi, musamman da manhajar Mach3, amma yana da tarko: in wata taga ta buɗe a kan manhajar, danne-dannenka can za su tafi, kuma in saƙon "na saki maɓalli" ya ɓace, layin zai ci gaba da tafiya. Gara rimot ya riƙa aika saƙon "ina nan" akai-akai, ɗaya ɓangaren ya tsayar da motsi da ya ji shiru. USB 2.0 kuma iyakarsa mita 5. Grbl a kan Arduino Uno ƙofar sadarwa ɗaya gare shi kuma USB ya riga ya cinye ta, don haka rimot sai ya bi ta kwamfuta. Manhajar FluidNC a kan allon ESP32 tana karɓar rimot ta ƙofa ta biyu.

Mara waya, irin XHC WHB04B da LinuxCNC ke da direbansa, yana da daɗin riƙo. Sai dai maɓallin tsayawarsa saƙon rediyo ne da ya dogara da batir. A bar na waya a jikin inji inda hannu zai kai.

Pico ɗina ya ƙone da na haɗa wili. Me ya sa? Kuma me ya sa ƙirga ke ɓata in na sa sikirin?

Wili 5V yake fitarwa, Pico da ESP32 kuwa 3.3V suke ɗauka. Sa 74LVC245 a tsakani, ko rizista biyu, 10k a sama da 20k a ƙasa. Sigina mai 24V sai ta bi ta PC817.

Batun sikirin: ƙaramin OLED mai 128 da 64 yana cin kusan dubun-daƙiƙa 25 kafin ya sabunta ta I2C. Wili a zagaye uku a daƙiƙa yana ba da sauyi 1200, wato sauyi 30 sun wuce lokacin da shirin ke zane. Dole a karanta wili ta hanyar katse aiki, abin da ake yi da attachInterrupt, ko da PIO a Pico. A lura, a Pro Micro ƙafa ta 2 da ta 3 su ne na I2C, don haka wili ya koma ta 0 da ta 1.

Da na kunna sifindil sai layi ya riƙa motsi shi kaɗai.

Hayaniyar lantarki ce daga VFD take shiga waya. Sayi wili mai fitar da A, A-, B, B-, ka murɗa kowane biyu tare, a karɓe su da AM26C32 a akwati. Kebul ya zama mai raga, a haɗa ragar da jikin akwatin injin, kada ya bi hanya ɗaya da wayar sifindil. In dole su haɗu, su gitta juna. Maɓallai su samu rizista 4.7k zuwa sama da kafasita 100nF. Wayar ƙasa ta shagon ta zama ta gaske mai sanda a ƙasa, a kuma sake auna ta da rani, don busasshiyar ƙasa ba ta ɗaukar wuta kamar ta damina. Da hunturu jiki yana tara wuta har ka ji tas in ka taɓa ƙarfe, wannan tas ɗin kuwa yana kashe ƙafar allo. Diyod na TVS a kan wayoyin da ke fita waje yana tare shi.

Gidan rimot ɗin fa, da me za a yi shi?

Akwatin ABS mai robar rufi, matakin IP65, saboda ƙurar hunturu da garin katako da ruwan sanyaya. In bugawa za ka yi da firintar 3D, guji PLA, tana laushi daga digiri 55 zuwa 60, abin da rimot da aka bari a mota ko a bakin taga a watan Afrilu zai iya kaiwa. PETG ko ABS sun fi. Kebul mai rigar PUR ya fi na PVC jure mai, kuma a ɗaure shi a mashiga ta yadda in an ja, ba dalma ce za ta ɗauki nauyin ba. Mayen ƙarfe a baya yana da amfani wajen manna shi a jikin inji, amma a shagon ƙarfe yana kwaso ɓarɓashi; ƙugiya ta fi. Jan maɓalli a sama, wili a ƙasa, maɓallin riƙo inda yatsun hagu ko na dama za su same shi. Kafin a huda akwati, a yanka kwali a girmansa a riƙe a gani.

Yaya zan gwada shi kafin in amince?

Cire baki daga sifindil, ɗaga Z sama, rage gudu. Juya wili zagaye goma gaba, goma baya, lambar ta dawo inda ta fara. Maimaita sifindil yana juyawa. Juya da ƙarfi a babban taku ka tsaya kwatsam, ka auna nisan da ya ƙara. Yana tafiya, saki maɓallin riƙo. Yana tafiya, zare fulogin rimot. Danna jan maɓalli, sake shi, ka tabbata babu abin da ya tashi. A ƙarshe kashe wutar shagon gaba ɗaya ka maido, injin ya zauna shiru har sai ka danna maɓallin sake kunnawa. Gwajin jan maɓalli da na zare fulogi a riƙa maimaita su duk farkon mako.