Waiwaye: Daga Casun Dare Zuwa Gidajen Baje Kolin Zane a Birtaniya

Masu zanen da suka tashi a casun dare na Birtaniya, wanda ake kira rave, ba su fara aiki don a rataye shi a bango ba. Aikin dare ɗaya ne, gari na wayewa a kwance shi.

Kiɗan casun ya fito ne daga kulob-kulob na baƙaƙen fata a Chicago ta Amurka a tsakiyar shekarun 1980. A 1987 wasu masu saka kiɗa 'yan Landan, ciki har da Danny Rampling da Paul Oakenfold, suka je tsibirin Ibiza na Sifaniya, suka dawo da salon. Zuwa 1988 da 1989 abin ya fi ƙarfin kulob. Dubban matasa suka koma tsofaffin rumbunan ajiye kaya da gonakin da ke gefen titin M25 mai zagaye Landan. Ƙwayar ecstasy na cikin tafiyar, kuma ta ci rayuka. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne.

Rumbu kuwa kango ne, sai an yi masa ado. A nan mai zane ya samu shiga. Ana shimfiɗa manyan yadudduka a zana musu idanu da taurari da fuskokin da ba na duniyar nan ba, da fenti mai ƙyalli idan fitila ta haska shi cikin duhu. Ƙungiyar Mutoid Waste Company ta Joe Rush ta wuce nan: tana tattaro gawarwakin motoci da ƙarafan bola, ta yi musu walda su zama dodanni. Sai kuma takardar gayyata, wadda ita ce tallar casun a zamanin da babu intanet. Junior Tomlin, baƙar fata ɗan Landan, ya yi suna wajen zana ta da na'urar feshin fenti, yana cika ta da mutum-mutumi da sararin samaniya, har aka yi masa laƙabi da Salvador Dali na rave, wato aka kamanta shi da fitaccen mai zanen nan ɗan Sifaniya.

Laƙabin bai faɗi a banza ba. Salon zana abin da ya yi kama da mafarki, wanda marubucin Faransa André Breton ya yi wa shela a Paris a 1924, kuma Dali ya shahara da shi, shi ne ya fi dacewa da ɗakin da mutane ke rawa har asuba, hankali ya rabu da agogo. Bambancin kawai, su Dali sun zana wa mai tsayawa ya ƙura ido, waɗannan kuwa sun zana wa taron da ba ya tsayawa.

Hukuma ce ta sauya akalar. A 1990 aka yi dokar da ta kai tarar shirya casu ba izini fam 20,000. A watan Mayun 1992 aka yi kusan mako guda ana casu a filin Castlemorton na Ingila, dubun-dubatar mutane suka hallara, aka gurfanar da mutum 13 na ƙungiyar Spiral Tribe mai saka kiɗa a casun, kotu ta wanke su. Duk da haka a 1994 majalisa ta zartar da dokar da ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa irin wannan taro, har ta siffanta kiɗan da cewa mai maimaita bugu ne. Wasu suka tsallaka Faransa da sauran ƙasashen Turai. Waɗanda suka zauna suka koma bukukuwa masu lasisi irin na Glastonbury, ko aikin bangon faifai da littattafan barkwanci, ko kuma ɗakin zane, inda dole hannu ya koyi haƙuri. Mai zanen da ya saba cika yadi mai tsawon bango cikin kwana biyu, yanzu zai shafe makonni kan ɗan allo guda da fentin mai, babu fitila mai walƙiya da za ta rufa masa asiri.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wa aka fara buɗe wa ƙofa. Jeremy Deller ya ci kyautar Turner, babbar lambar yabo ta masu fasaha a Birtaniya, a 2004, Mark Leckey ya ci a 2008, kuma dukansu sun yi fitattun ayyuka a kan wannan rayuwa ta casu. Sun cancanta, ba na musu. Amma su masu karatun fasaha ne da suka san harshen gidajen baje koli. Waɗanda suka yi ainihin adon, yawancinsu ko suna ba su sa a jikin aikin ba, ruwan sama da laka suka cinye shi.

Sannu a hankali aka waiwaye su. A 2012 aka ba Joe Rush aikin ƙera motocin bikin rufe gasar Olympics ta nakasassu a Landan, wato ƙasar da ta kori irin aikinsa daga filaye ta ɗauke shi haya. A 2019 gidan baje koli na Saatchi ya shirya nuni na musamman kan tarihin rave. Shi kuwa Tomlin, sai a 2020 aka tattara zane-zanensa cikin littafi guda, kusan shekara 30 bayan matasa sun gama liƙa su a bangon ɗakunansu.