Admiral: Amirin da Ya Koma Teku

Duk mai sauraron labarai ya saba jin an ce "Admiral wane", kuma ya san ana nufin babban hafsan sojan ruwa, takwaran janar a sojan ƙasa. Abin da ba kowa ya lura da shi ba, kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Tushenta "amir" ne na Larabci, wato mai ba da umarni. Ta shiga Turai ta tsibirin Sisili, wanda Musulmi suka mulka kafin Normawa, mayaƙa daga arewacin Faransa, su ƙwace shi. Sarakunan Normawa suka gaji muƙamin da sunansa, kuma a zamanin Sarki Roger na Biyu, cikin ƙarni na 12, mai riƙe da shi ne ke jan ragamar jiragen yaƙi. Tun daga nan sunan ya liƙe wa teku. Ita kuwa "d" ɗin da ke ciki, Turawa ne suka cusa ta daga baya, don sun ɗauka kalmar 'yar'uwar wata kalmar Latin ce mai nufin abin sha'awa.

Matakan muƙamin ma suna da asali. A zamanin jiragen da iska ke turawa, ana kasa runduna uku idan za a yi gumurzu. Admiral na tsakiya, Bayis Admiral na riƙe da goshi, Riya Admiral na tsaron ƙeya. Salon yaƙin ya wuce, sunayen suka zauna.

To amma wanda ya ɗauka aikin admiral shi ne tsayawa a kan jirgi yana cewa a buɗe wuta, rabin labarin ya ji. Jirgin yaƙi ba a ƙera shi ranar da aka buga gangar yaƙi, kuma hafsan da zai tuƙa shi sai an shekara da shekaru ana rainonsa. Shi ya sa, a ganina, babu rayuwar da ta fi bayyana nauyin wannan kalma kamar ta John Fisher na Birtaniya, mutumin da bai taɓa jagorantar runduna a wani babban yaƙin teku ba, amma ya sake wa sojan ruwan ƙasarsa kama gaba ɗaya.

An haife shi a 1841 a tsibirin da yau ake kira Siri Lanka, ya shiga aiki a 1854 yana ɗan shekara 13. Ya tarar da jiragen katako, ya bar jiragen ƙarfe masu shan mai. Da ya zama shugaban hafsoshin sojan ruwa a 1904, ya iske runduna mafi girma a duniya ta kwanta a kan tsohon suna, jiragenta sun watsu a tashoshi masu nisa, da yawansu ba ƙarfin faɗa, ba saurin gudu. Ya sallami kimanin 150 daga cikinsu, ya tattaro manyan jiragen zuwa kusa da gida, domin ya hango cewa barazanar daga Jamus za ta fito, inda Admiral Tirpitz ke ta ƙera nasa. Tun kafin wannan, a 1902, ya tsaya kai da fata sai an horar da injiniyoyi tare da sauran hafsoshi tun suna yara. A rundunar da ake yi wa mai aikin inji kallon ƙasƙanci saboda baƙin mai a hannunsa, wannan ba ƙaramin tayar da ƙura ba ne.

Sai kuma Dreadnought, jirgin yaƙin da Fisher ya sa aka ƙera, aka sa a ruwa a 1906. Manyan igwa goma yake ɗauke da su, kowace faɗin bakinta inci 12, ga sabon inji mai ba shi gudun kusan kilomita 39 a awa. Rana ɗaya ya mayar da duk manyan jiragen yaƙin duniya tsofaffin yayi, har da na Birtaniya kanta. Nan masu suka suka samu abin kamawa: ka fi kowa yawan jirage, me ya kai ka share fage a sake tsere daga farko? Hujjar Fisher ita ce in bai ƙera ba wani zai riga shi, kuma ina ganin da gaskiyarsa. Haka ya matsa a bar kwal a koma mai, shawarar da ta kai gwamnatin Birtaniya ga sayen kaso 51 cikin ɗari na kamfanin haƙar mai a Iran a 1914.

Ba waliyyi ba ne. Mutum ne mai riƙo, mai fifita 'yan gaban goshinsa, kuma rigimarsa da Admiral Beresford ta raba kan hafsoshi gida biyu kafin ya sauka a 1910. Ya kuma yi imani cewa sauri ya isa ya zama sulke, ya sa aka ƙera manyan jirage masu gudu amma marasa kaurin jiki. A yaƙin Jutland na 1916, da aka gwabza da Jamus a teku, uku daga irinsu suka yi bindiga, mutum fiye da 3,000 suka halaka. Sakaci wajen ajiyar albarushi ya taimaka, amma tunanin nasa ne tun asali, kuma ba daidai ba ne a yabe shi a ɓoye wannan.

An sake kiransa aiki a 1914 da yaƙin duniya ya ɓarke, ya ajiye a 1915 bayan ya saɓa da Churchill, ministan sojan ruwa na lokacin, kan harin mashigin Dardanelles na Turkiyya. Ya rasu a 1920. Shi kuwa Dreadnought, bai taɓa harba manyan igwansa kan jirgin abokan gaba ba. Jirgi ɗaya tak ya nutsar, na ƙarƙashin ruwa na Jamus, wanda ya bi ta kansa ya tsarge a 1915. Shekara guda bayan rasuwar Fisher aka sayar da shi ga masu yanka ƙarfe.