Waiwaye: Wa Ya Biya Diyyar Gonakin Mutanen Sarki Bayan Yaƙin 'Yancin Amurka?

A watan Agusta na 1778 wasu jami'ai suka dira a wani babban gida da ke titin Market a birnin Philadelphia. Matar gidan, Grace Galloway, ta san da zuwansu, don haka ta garƙame ƙofofi ta zauna a ciki. Sai suka ɓalle ƙofar kicin. Jagoransu shi ne Charles Willson Peale, mai zanen nan da ya yi suna wajen zana George Washington, wanda a lokacin aka ɗora masa aikin karɓe dukiyar masu cin amanar ƙasa. Da ta ƙi fita da ƙafarta, ya kama hannunta ya fitar da ita. Ita kuwa ba ta yi wa kowa laifi ba. Mijinta Joseph Galloway, tsohon kakakin majalisar Pennsylvania, shi ne ya bi bayan Sarkin Ingila, ya fice da 'yarsu tare da sojojin Birtaniya. Ta tsaya ne don ta tsare gadon da mahaifinta ya bar mata, amma dokar zamanin ta ce dukiyar matar aure tana hannun mijinta muddin yana raye. Ta rasu a 1782 ba ta sake ganin mijin ko 'yar ba.

Irin su Galloway ba kaɗan ba ne. Lokacin da yankuna 13 na Amurka suka yi wa Sarki George na Uku tawaye, mutane da yawa sun ƙi bi: manyan masu filaye, 'yan kasuwa, limaman coci, ƙananan manoma, bayin da Birtaniya ta yi wa alkawarin 'yanci, da ƙabilun asali irin su Mohawk. Abokan gaba suna kiran su Tori, kalmar da a bakinsu zagi ce. A Nuwamba 1777 Majalisar Tarayya ta shawarci jihohi su ƙwace dukiyar waɗannan mutane su sayar, a zuba kuɗin cikin yaƙi. Baitulmali ya bushe, ga kuma gonakin maƙiya a shimfiɗe. Ba a sha wahalar shawo kan kowa ba.

Jihar New York ta fi tsanantawa. Dokarta ta Oktoba 1779 ta jero sunayen mutum 59, har da mata uku, ta ce dukiyarsu ta zama ta jiha, kuma duk wanda aka kama a cikin jihar kisa ne hukuncinsa. Babu kotu, babu shaidu. Cikin sunayen akwai Frederick Philipse na Uku, mai filin da ya kai eka 52,000 a bakin kogin Hudson. Bayan yaƙi aka yanyanka filin aka yi gwanjonsa, manoman da suka daɗe suna noman haya a kai da yawansu suka saye gonakin da suke ciki. Wannan ne ya sa maganar mayar da dukiyar ta zama mai wuya tun daga tushe. Wanda zai mayar ba gwamnati ba ce kaɗai, har da manomin da ya biya kuɗinsa, ya karɓi takarda, kuma yana da ƙuri'a.

Da aka zauna sulhu a Faris a 1782, batun mutanen Sarki ya kusa wargaza taron. Wakilin Birtaniya Richard Oswald yana neman a mayar masu da dukiyarsu. Benjamin Franklin ya ce to, sai dai a haɗa lissafi gaba ɗaya, Birtaniya ita ma ta biya garuruwan da sojojinta suka ƙona da kayan da suka kwashe. Abin mamaki, ɗansa na cikinsa William Franklin, gwamnan Sarki na ƙarshe a New Jersey, yana cikin waɗanda ake magana a kansu, kuma uban ne ya fi kowa taurin kai a teburin. Daga ƙarshe sashe na 5 na yarjejeniyar da aka sa wa hannu ran 3 ga Satumba 1783 ya ce Majalisar Tarayya za ta roƙi jihohi da gaske su mayar da abin da aka ƙwace. Roƙo kawai. Ɓangarorin biyu sun san majalisar ba ta da ikon tilasta wa ko jiha ɗaya, wato romon baka ne aka rubuta da tawada. Majalisar ta yi roƙon a Janairu 1784, yawancin jihohi suka yi kunnen uwar shegu. South Carolina ce ta ɗan sassauta, ta mayar wa wasu kadarorinsu bayan ta ci su tarar kashi 12 cikin ɗari.

A Landan abin ya zama abin kunya. 'Yan adawa suka ce an sayar da mutanen da suka rasa komai saboda Sarki, kuma wannan suka tana cikin abin da ya kayar da gwamnatin Lord Shelburne a Fabrairu 1783. Mutum wajen 60,000 ne suka bar Amurka, wasu zuwa Nova Scotia da Quebec, wasu Bahamas da Jamaika, wasu Ingila. A Yuli 1783 majalisar dokokin Birtaniya ta kafa kwamitin mutum biyar, da John Eardley Wilmot da Daniel Parker Coke a gaba, don ya binciki asarar kowa. Wanda ya ƙwace ya riƙe, wanda aka ci da yaƙi shi zai biya.

Amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Kwamitin yana zama a Lincoln's Inn Fields cikin Landan, kuma mai neman diyya sai ya rubuta bayanin biyayyarsa, ya jero abin da ya rasa da farashinsa, ya kawo takardun mallaka, sannan ya bayyana da kansa a yi masa tambayoyi shi kaɗai, a kira shaidunsa su ma ɗaya bayan ɗaya. Masu neman sun riƙa kwatanta wurin da kotun tuhuma. Ka ɗauki ƙaramin manomi da ya tsere cikin dare daga kwarin Mohawk, gidansa na ci da wuta, yanzu yana sare daji a Kanada. Ina ya ga takardar gona, ina ya ga kuɗin jirgi zuwa Ingila? Wa'adin farko ya cika a Maris 1784 da yawansu ko labari ba su ji ba. Sai da aka ƙara wa'adi, aka tura Thomas Dundas da Jeremy Pemberton suka bi Halifax, Saint John, Quebec da Montreal suna sauraron mutane, aka kuma aika John Anstey cikin Amurka ya duba rajistar gwanjo don a kama masu ƙara gishiri. Basussukan da mutum yake bin Amurkawa ba a sa su a lissafi ba, wai yarjejeniya ta ba shi damar zuwa kotunan can ya nema.

Da aka rufe littafi a 1790, buƙatu 3,225 aka duba, jimillarsu ta haura fam miliyan 10. Mutum 2,291 ne suka samu wani abu, kuma abin da aka biya ya ɗan haura fam miliyan 3. Kuɗi ne masu yawa ga ƙasar da yaƙi ya bari cikin bashi, kuma a yi wa Birtaniya adalci, ba a saba ganin gwamnati ta yi wa 'yan gudun hijirarta haka ba a wancan zamani. Sai dai rabon ya bi tsarin kashin dankali. Iyalan Penn, waɗanda Pennsylvania ta karɓe wa miliyoyin eka, sun samu fam 130,000 daga jihar kanta, majalisar Birtaniya kuma ta yanka masu fam 4,000 duk shekara. William Franklin ya nemi fam 48,000 aka ba shi 1,800 da fansho, uban kuma a wasiyyarsa kusan bai bar masa komai ba sai wasu filaye a Nova Scotia.

Baƙar fata su ne a ƙasan tulin. Mutum 47 cikinsu suka kai buƙata, ɗaya tak aka biya diyyar dukiya: Scipio Handley, mai sana'ar kifi daga Charleston, fam 20. Wasu an ba su 'yan kuɗin tallafi, wasu kuma aka ce masu ai yaƙin riba ya jawo masu tunda sun samu 'yanci, alhali akwai cikinsu waɗanda da ma 'ya'ya ne masu gidajensu. Wajen mutum 3,000 da kwamandan sojojin Birtaniya Sir Guy Carleton ya kwashe daga New York a 1783 an yi masu alkawarin gonaki a Nova Scotia. Da yawa shekaru suka yi suna jira a Birchtown, wasu aka ba su ƙasa mai duwatsu da ba ta nomuwa. Tsohon saje Thomas Peters ya kai kukansu Landan, kuma a farkon 1792 kusan mutum 1,200 suka tashi daga Halifax cikin jirage 15 suka nufi Saliyo, inda suka kafa Freetown.

A Amurka ma tsugune ba ta ƙare ba. Birtaniya ta ƙi sakin sansanoninta na Detroit da Niagara, tana cewa an karya yarjejeniya kan basussuka da mutanen Sarki, sai a 1796 bayan wata sabuwar yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu da ake kira yarjejeniyar Jay. Rigimar filayen Lord Fairfax a Virginia ta kai har 1816, kuma a shari'ar ne Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa tana da ikon warware hukuncin kotunan jihohi a kan dokar tarayya. 'Yar Grace Galloway ta karɓo wani ɓangare na gadon uwarta bayan mutuwar mahaifinta a 1803.

Akwai kuma Mary Philipse Morris, ɗaya daga matan nan uku na dokar 1779. New York ta sayar da filinta ga ɗaruruwan manoma, ba ta lura cewa takardar aurenta ta ba ita da mijinta cin moriyar filin ne kawai iya rayuwarsu ba, asalin mallaka na 'ya'yansu ne, su kuwa dokar ba ta ambace su ba. Attajirin nan John Jacob Astor ya gano haka, ya sayi haƙƙin 'ya'yan a 1809 kan fam 20,000, ya zauna yana jira. Tsohuwar ta rasu a Ingila a 1825 tana da shekara fiye da 90. Astor ya nufi kotu, kuma don kada a tashi manoman daga gonakinsu, jihar New York ta biya shi wajen dala rabin miliyan.