Waiwaye: Yadda jinyar tsofaffi ta tattaru a kan mutum ɗaya

Duk sanda aka saka bidiyon wani dattijo yana bara a bakin danja, ko aka buɗe layi a rediyo kan batun gidan gajiyayyu, kowa da inda yake karkata. Wasu su ce 'ya'yan zamani ne suka daina neman albarka, su jawo aya ta 23 a Suratul Isra'i da ta hana ko da ce wa iyaye "uf". Wasu su ce talauci ne, tun da kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo a 2023 magidanci bai iya riƙe kansa ba balle ya riƙe wani. In wani ya ce a gina gidajen kula da tsofaffi, nan take a taso masa: ai wannan al'adar Turawa ce, Bahaushe ba ya kai uwarsa ajiya. Abin da ke damuna shi ne yadda ake magana kamar shekaran jiya matsalar ta faɗo. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan ya fi shekara 50 yana tsami.

Farkon labarin sananne ne. A zamanin Daular Usmaniyya akwai zakka da baitulmali, ga ƙofar sarki da ta malami da ta attajiri inda gajiyayye ke samun tuwo. Bayan Turawa sun ci ƙasar a 1903 aka shigo da aikin albashi, da shi kuma fansho, wanda dokar 1951 ta tsara wa ma'aikatan gwamnati. Amma manomi da maƙeri da mai kaɗi ba su taɓa shiga wannan lissafi ba, kuma su ne kusan kowa. Su fanshonsu gandu ne.

Gandu shi ne zaman da uba ke yi da 'ya'yansa maza, har waɗanda suka yi aure, suna noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya. Da damina a fita tun asuba a yi aikin gandu har wajen azahar, sannan kowa ya nufi gayaunarsa, wadda amfaninta nasa ne shi kaɗai. Maigida kuma da nasa nauyin: shi ke ciyarwa, shi ke ba da iri da fartanya da garma, shi ke biya wa kowane ɗa haraji, shi ke yi masa auren fari. Yarjejeniya ce da ba a rubuta ba, amma kowa ya san haƙƙinsa. Saurayin da ya bar gandu da fushi ya san ya bar wanda zai tsaya masa ranar da dagaci ya aiko karɓar haraji, ya kuma bar wanda zai biya masa sadaki.

Mahaifina yakan ba mu labarin kakanmu a shekarunsa na ƙarshe. Idonsa ya yi rauni, gwiwa ta ƙi, ya daina zuwa gona. Amma kullum da safe sai a kama hannunsa a kai shi bakin rumbu, a fito da dami, shi zai ce a ba mai girki kaza, a ware kaza na sadaka. Bai nome ko kunya ɗaya ba a shekarun nan, amma ba a taɓa hatsi sai da izininsa. Da ya kwanta ciwon ajali, matan 'ya'yansa huɗu ne a gidan. Wadda ba ta da girki ita ke wanki da dama kunu, 'ya'yansa maza na karɓa-karɓar kwana a ɗakinsa da kama shi zuwa bayan gida, jikoki na yi masa fifita da korar ƙuda. Wata biyar yana kwance, babu wanda jinyar ta karya, domin hannu ya fi goma a kanta.

Tsohuwa ma ba zaman jiran a ba ta take yi ba. Shekaru sun fitar da ita daga kulle, tana shiga gida-gida da dillanci, tana zuwa kasuwa. Tana kaɗi da mazari ta sayar wa masaƙa zare, tana matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, tana daddawa. Ita ce ungozoma, ita ke wankan jego, wurinta ake kai yaye. Tana da 'yan kuɗinta a ƙulle a bakin zane, kuma gidan na buƙatarta kamar yadda take buƙatarsa.

Ba na cewa gandu aljanna ne. Akwai uba mai danne 'ya'ya, akwai matar ɗa da ta sha wuya a hannun uwar miji, kuma tun da can 'yan'uwa kan raba gandu da zarar uba ya rasu. Amma wannan zama shi ne ginshiƙin da ya ɗauki tsufa a ƙasar Hausa, kuma a 'yan shekaru kaɗan aka girgiza shi daga tushe. Wannan ne wurin da masu muhawarar yau suke tsallakewa.

Daga 1972 zuwa 1974 fari ya mamaye Sahel. Rumbuna suka ƙone ƙurmus, dabbobi suka mutu, daga Katsina da Kano har Maraɗi da Damagaram. Mutane ba su gama farfaɗowa ba, a 1975 wata cuta da ƙwari ke yaɗawa ta faɗa wa gyaɗa, ganye ya tsuke, gonaki suka tashi babu komai. Gyaɗa kuwa ita ce kuɗin maigida. Najeriya ta kasance kan gaba a duniya wajen fitar da ita a shekarun 1960, dalar gyaɗa ta Kano shaida ce. Da kuɗinta ake biyan haraji, da shi ake aure, da shi ake ɗinkin sallah. Ranar da uba ya kasa yi wa ɗansa aure, rabin igiyar da ta ɗaure gandu ta tsinke.

A daidai wannan lokaci kuma birni ya buɗe. Farashin ɗanyen mai ya ninka har kusan sau huɗu tsakanin 1973 da 1974, aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi da ariyas a 1975, ana ta gina tituna da makarantu, masaƙu a Kano da Kaduna suna ɗaukar lebura. Yaron da a da yake tafiya cin rani ya dawo da saukar ruwan fari, yanzu ya ga abin da zai samu a wata biyu na leburanci ya fi rabonsa na shekara a gandu. Sai cin rani ya zama zama. Ya yi wa kansa aure da guminsa, ya ɗauko matar ya kai ɗakin haya. A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, jikoki suka tafi aji. A 1979 aka soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna, talakawa suka yi murna, kuma da gaskiyarsu. Yawancin waɗannan alheri ne, ba na fatan a koma baya. Sai dai kowannensu ya zare wani dalili da yake tsayar da ɗa a gaban ubansa, kuma babu wanda ya tsaya ya tambayi wa zai ɗaga tsohon in ya kwanta. Ita ma tsohuwa, zaren masana'anta ya karya mata kasuwar kaɗi, gyaɗar matsa ta yi tsada. Gona kuwa ana ta raba gado, tana ta tsukewa, har ta kai ba ta iya ci da gida uku.

Wajibcin kula da iyaye bai je ko'ina ba, yana nan a wa'azi da zukata. Hannuwan ne suka watse. Shekarun da suka biyo baya sun ƙara tsananta abin: darajar naira ta faɗi daga 1986, masaƙu suka riƙa rufewa, samarin da suka baro gandu suka tsufa a birni ba gona ba fansho. Da yawa daga cikin dattawan da muke gani a bakin titi a yau, su ne samarin 1975.

An yi ƙoƙarin cike giɓin. Bayan dawo da shari'a a farkon shekarun 2000, jihohi sun kafa hukumomin zakka, ta Kano a 2003. Dokar fansho ta 2004, da aka sabunta a 2014, ta kawo tsarin tara kuɗi tsakanin ma'aikaci da mai ɗaukarsa aiki, a 2019 kuma aka buɗe ƙaramin fansho don masu sana'ar hannu. A 2021 aka amince da manufar ƙasa kan tsufa, Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta fara aiki, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da za a tallafa wa. A unguwanni akwai asusun masallaci, ƙungiyoyin taimakon kai da kai, adashin mata, ciyayya tsakanin maƙwabta, da guruf ɗin dangi a WhatsApp inda ake haɗa kuɗin magani. 'Yan sama da shekara 60 kusan kashi 5 ne cikin 100 na 'yan Najeriya, amma a ƙidaya sun haura miliyan 10, kuma hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki kan kwantar da mutum shekaru.

Kusan duk wannan taimako kuɗi ne ko hatsi ko magani, kuma sunan tsohon ake rubutawa. Mai jinya ba ta cikin takardar kowa. Na ce "ta" domin yawanci mace ce, 'ya ko matar ɗa, sau da yawa wadda aurenta ya mutu ko wadda ba ta da aikin albashi, sai dangi su ɗauka ai ita ce ba ta da abin yi.

Yayata, 'yar gwaggona, shekara uku ke nan tana jinyar mahaifiyarta a ɗaki biyu na haya a bayan garin Kano. Ɓarin dama ya shanye, ga gigin tsufa ya fara shiga, wani lokaci cikin dare ta tashi tana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa. Yaya ke juya ta kada bayanta ya yi gyambo, ita ke sauya famfas, ita ke ba ta kunu da cokali a hankali kada ta ƙware. Ta bar saƙar hular da take yi. 'Yan'uwanta maza uku, biyu a Legas ɗaya a Abuja, ba su yi sakaci ba, duk wata suna turo kuɗi. Masu dubiya na zuwa da lemo da ayaba, su yi addu'a, su ce mata Allah ya ba da lada, minti ashirin su tashi.

Da na je gaishe su bayan ƙaramar sallah, na miƙa mata ɗan abin da ya samu. Ta karɓa ta yi godiya, ta ajiye a ƙarƙashin matashi, sannan ta ce, "Ƙanina, ka gaya wa yayyenka Allah ya saka da alheri, kuɗi na isowa. Ni dai wanda zai zauna mini da Inna wuni guda nake nema, in samu in runtsa."

Na ce, "Yaya, yaushe rabonki da barcin dare cikakke?"

Ta yi shiru tana lissafi da yatsu. Kafin ta amsa Gwaggo ta yi tari daga ciki, ta miƙe ta shiga.